Gafaka: Guzurin Malami a Kan Hanya

Tun zamanin da, duk wanda ya ƙuduri tafiya mai nisa ba ya yarda ya bar abin ibadarsa a gida. A ƙasar Japan, inda addinin Budda ya shiga a ƙarni na 6, masassaƙa sun gwanance wajen yin wani ɗan akwati mai ƙyaure da suke kira zushi, wanda ake sanya siffar abin bautarsu a ciki, a buɗe shi lokacin ibada, a rufe in za a kama hanya; har yau akwai irinsa na itacen sandal a haikalin Kongobuji, wanda ake cewa malaminsu Kukai ne ya zo da shi daga ƙasar Sin a 806.

Mu kuwa, da yake Shari'a ta haramta mana sassaƙa gumaka, sai hikimarmu ta koma ga alƙalami da fata. Malamin da ya tashi daga Raba ko Goronyo ya nufi Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa kuma ya rasu a cikinsa a 1837, ko kuma ya ratsa Barno da Sudan a ƙasa don sauke farali, ba ya rabuwa da buzu da buta da tasbaha, sa'an nan ga gafaka rataye a kafaɗa. A cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu bisa ruwayar Warshu, warƙa-warƙa ba a ɗinke ba, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza kuwa ɗigon rawaya, ga zayyana a kan kowane hizifi. Takardar, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya fatake ke kawo ta ta hanyar hamada. Sai a haɗa da tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, baduku kuma ya ɗinka gafakar da jemammiyar fatar jar akuya, wadda Turawa suka daɗe suna sha'awa.

Abin da ke damuna shi ne, Japanawa sun mayar da nasu dukiyar ƙasa suna tattalinsa, mu kuwa namu, wanda maganar Allah ce a ciki, yana jibge a ɗaki gara da danshi na cin sa. Don Allah, wanda ya gaji gafakar kakansa ya fito da ita ya kakkaɓe, ya jera warƙoƙin bisa tsari. In ba zai iya kula da ita ba, ya kai ta Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.