Kafin a Koma: Shirya Yaro Shiga Firamare a Makarantar Mishan

Waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Wata 'yar'uwa ce ta turo min saƙo. Ta ce ɗanta na fari ya gama nazare, watan Satumba zai shiga aji ɗaya a wata makarantar mishan, ita kuma ba ta san ta inda za ta fara ba, ko daga tela ko daga shagon littattafai. To 'yar'uwa, ni amsata ita ce ki fara daga ofishin shugaban makarantar, da biro da takarda a hannunki, tun kafin ki biya ko sisi. Na koyar a irin wannan makaranta na wasu shekaru, kuma 'ya'yana a can suke, saboda haka na ga abin ta fuska biyu.

Tambaya ta farko: makarantar ta wace ce? Mu nan Arewa duk makarantar da aka ga gicciye a allonta sai a ce mishan, alhali iri-iri ne. Asalin na mishan tsofaffi ne ƙwarai. Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, inda Janar Yakubu Gowon ya yi firamarensa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe da yawa daga cikinsu, shi ya sa St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Zariya ta zama Kufena. Waɗanda muke gani yau, wasu na ikilisiya ne kai tsaye, kamar ECWA, Katolika, Angilikan, Baptist ko COCIN, suna da kwamitin da ke sa musu ido. Wasu kuwa na mutum ɗaya ne da ya sa wa makarantarsa suna daga Littafi Mai Tsarki. Ban ce na biyun ba su da kyau ba, akwai nagari sosai. Bambancin shi ne ranar da matsala ta taso, a ta ikilisiya kina da inda za ki kai kuka sama da shugaban makaranta, a ta mutum ɗaya kuwa maganarsa ce ta ƙarshe. Kowacce ce dai, ki nemi ganin shaidar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha. Ba rashin kunya ba ne.

Sai maganar kuɗi, kuma nan zan ɗan daɗe, domin nan na taɓa faɗuwa.

Shekarar karatu zango uku ce: Satumba zuwa Disamba, Janairu zuwa wajen Ista, sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli. Kowa zangon farko yake tsoro, saboda shi ke ɗauke da kuɗin fom, yunifom, kayan wasanni, littattafai da kuɗin PTA. Amma a gidan Kirista, zango na biyu ne mugun. Ana komawa mako ɗaya ko biyu bayan Kirsimeti da sabuwar shekara, an yi ɗinki, an sayi shinkafa da kaji, an je ƙauye an dawo, albashin Disamba ya daɗe da tafiya, na Janairu kuma sai ƙarshen wata. Shekarar da babbar 'yata ta shiga aji ɗaya, na biya na Satumba cif, har ina yaba wa kaina. Janairu na zuwa na ce a ɗan yi min haƙuri. Aka yi mako biyu, aka yi uku, ranar wata Talata sai ga ta an koro ta da hantsi, ita da wasu yara. Ta shigo da jakarta a baya ta ce, "Mama, ni fa ban yi surutu ba." Ita a tunaninta laifi ta yi. Na yi kwana biyu ina lallashi kafin ta yarda ta koma, ko da na samo kuɗin.

Tun daga ranar, lissafin shekara nake yi, ba na zango ba. Ki ce a rubuta miki duk abin da za a nema daga Satumba har Yuli, har da na bikin waƙoƙin Kirsimeti, na gasar wasanni, da na bikin ƙarshen shekara, wanda yake faɗowa daidai lokacin da masu gona ke neman kuɗin taki. Ki tara jimillar ki raba gida goma sha biyu, abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin makarantar ɗanki a wata. Idan kina adashe, ki roƙi a ba ki kwasar Disamba ko farkon Janairu, kuma kada ki bari kuɗin su kwana a gida, ki kai makaranta a ba ki rasit. Ki kuma tambaya ko ana biya kashi-kashi, ko akwai ragi ga mai yara biyu ko uku, ko ga marayu. Wasu makarantun ikilisiya suna da irin wannan tsarin, amma ba sa shelarsa, sai wanda ya buɗe baki. Kada ki manta da kuɗin mota: tun da aka cire tallafin mai a 2023, na san gidajen da kuɗin keke na wata ya kusa kamo kuɗin makarantar kanta. Makaranta mai kyau da ke nesa, idan yaro zai riƙa fashi saboda babu na abin hawa, ta kusa ta fi ta.

Tambaya ta uku ita ce ta addini, wadda mutane ke jin nauyin yi. A yawancin makarantun nan, ranar tana farawa da sujadar safe a wajen asembili: waƙa, karatun Littafi Mai Tsarki, addu'a, sannan taken ƙasa. Akwai darasin addinin Kirista a jadawali, akwai ayar haddacewa ta mako, a na Katolika kuma akan yi Mas lokaci-lokaci. Ke da kike Kirista, ki tambaya duk da haka, domin koyarwar ɗariku ta bambanta, kuma gara ki san abin da yaro zai dawo yana tambayarki. Abin da na lura a aji shi ne, yaron da ya saba zuwa makarantar Lahadi ba ya shan wuyar ayar haddacewa. Wanda bai saba ba, minti biyar bayan cin tuwon dare ya ishe ku, ku maimaita tare da Turanci, sannan ki faɗa masa ma'anarta da Hausa. In ba haka ba, haddar aku zai yi.

Na san cikin masu saurarenmu akwai Musulmi da ke kai 'ya'yansu mishan saboda ingancin karatu, ni kaina na koyar da su da yawa. Ku ma ku zauna da shugaban tun farko. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwa ko shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Sashen dai ya kuma ba ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Saboda haka a yi tambaya dalla-dalla: lokacin sujada ina yaro zai tsaya, akwai malamin darasin addinin Musulunci, ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a, yaya maganar ɗankwali ko hijabi, zai samu isa Islamiyya da yamma? Amsoshin sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Wanda aka yi wa bayani a watan Agusta ya zaɓa da idonsa a buɗe, ba ya zuwa faɗa a watan Nuwamba.

Sauran shirin mai sauƙi ne. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, hotuna. Yunifom a kai wa tela tun yanzu, don kun san tela da alkawari idan Satumba ta matso, kuma a sa ya bar ninki a ƙasa saboda yaro zai yi tsawo. Littattafai kada a saya sai an karɓi jerin sunayensu na bana, domin akan canza. Na karatu ana iya gadonsu daga yayye, na aiki da ake rubutu a ciki ne dole sabo. A rubuta suna a jikin komai, har kular abinci da suwaita. Idan yaro na da sikila ko asma, malamar ajinsa ta ji daga bakinki a ranar farko, tare da lambar da za a kira.

Shi kansa yaron fa? Aji ɗaya ba nazare ba ce. Zama ya fi tsawo, ba mai ba shi abinci a baki, ba mai raka shi bayi. Ni a matsayina na malama, yaron da ya iya ɓalle maɓallin wandonsa, ya buɗe kularsa, ya ce "Anti, ina jin fitsari" ba tare da tsoro ba, ya fi min wanda ya haddace ɗaya zuwa ɗari. Karatun mu za mu koya masa. Ki tabbata ya san cikakken sunansa da naki da unguwarku.

Sai barci. Ɗan shekara shida yana buƙatar awa tara zuwa goma sha biyu a dare. Idan za a tashe shi ƙarfe shida saura, to ƙarfe takwas da rabi ya kamata a ce ya kwanta, cikin gidan sauro, don Satumba lokacin zazzaɓi ne. Wanda ya yi dogon hutu yana kallon katun a waya har sha ɗaya ba zai gyaru a dare ɗaya ba. Ki fara mako biyu kafin komawa, kullum ki matso da lokacin kwanciya da kwata. Kuma in da hali, ku taka tare ku je makarantar ana saura 'yan kwanaki, ya ga ƙofar ajinsa, ya ga inda bayi yake, ya gaisa da maigadi, ki nuna masa daidai wurin da za ki tsaya jiransa idan an tashi.

'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi, ya ba shi ƙwaƙwalwa. Masu tambaya a kan 'yan aji shida da jarrabawar shiga sakandare, na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.