Zaro gudan jini daga jijiyar ƙwaƙwalwa

Mutum yana zaune lafiya lau, sai kwatsam bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda su mutu, magana ta sarƙe. A ƙauye akan ce iska ce ta buge shi. Sau da yawa abin da ya faru shi ne gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Wurin da jini ya yanke yana fara mutuwa nan take, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Akwai allurar da ke narkar da gudan, amma galibi sai cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma idan gudan ya toshe babbar jijiya, yakan fi ƙarfinta. Shi ya sa likitoci suka samo dabarar zaro shi.

Ba a fasa kai. Likita yana huda jijiyar jini a gindin cinya, wani lokaci a wuyan hannu, ya zura siririn bututu mai tsawo, yana bin tafiyarsa a allon na'urar hoto har ya kai inda aka toshe. Daga nan ko ya buɗe ƴar ragar waya ta kama gudan ya jawo, ko ya tsotse shi ta bututun. Jini ya koma hanyarsa.

A 2015 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ƙasar Holan a kan mutum 500, wasu gwaje-gwaje huɗu suka biyo baya. Da aka haɗa su, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, kusan 46 sun iya kula da kansu bayan wata uku. Waɗanda ba a yi musu ba, kusan 27. An fi yin sa cikin awa 6, ko da yake tun 2018 akan kai awa 24 ga wanda hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta.

Gaskiya aikin yana da tsada, kuma sai babban asibiti mai na'ura da ƙwararru. Yawancinmu yana mana nisa. Amma kada wannan ya sa ku bar maras lafiya a ɗaki, don akwai kulawar da ke ceton rai ko ba a yi aikin ba.

Ku riƙe lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya, ko da "bayan sallar asuba" ne, domin likita zai tambaya. Kada ku ba shi ruwa, kunu ko jiƙo. Maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Kada ku ba shi asfirin, don wani shanyewar jikin fashewar jijiya ce, sai hoton kai ke bambanta su. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nemi mota, ko da tsakar dare ne.