Rigata a Yauri: Jirgin na Kakanni Ne, Rigar Fa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Yelwa ranar Rigata ya san yadda abin yake. Kiɗa na tashi, mata na guɗa, jirage sun jeru, samari sun riƙe filafilai suna jiran a ba da alama. Masu shirya bikin suna danganta asalinsa da Gungawa, mutanen tsibiran kogin Kwara, waɗanda tun kimanin shekara 200 da suka wuce suke fita cikin jirage da masu don farautar dorina, kuma su gwada wa maƙwabta cewa ruwan nan yana da masu shi. A 'yan shekarun nan masarautar Yauri da gwamnatin jihar Kebbi sun farfaɗo da bikin, ana yin sa wajen watan Fabrairu, kuma yana jawo baƙi daga nesa.

Sai dai in mai kallo ya ɗauke ido daga ruwa ya dubi jikin 'yan wasa, abin da zai gani shi ne abin da ake gani a yawancin bukukuwan gargajiyarmu na yau: singileti, rigar ƙwallo, wandon roba, can gefe kuma manya cikin shadda mai walƙiya wadda aka saƙa a Turai ko Sin. Tseren jirgi ba ya bukatar fiye da haka. Amma da zarar an ce ana kwaikwayon yadda kakanni suka yi ne, tufa ta shiga cikin maganar, domin ita ce ido ke fara karantawa kafin a buɗe baki.

Tambayar farko da mai ɗinka irin waɗannan kaya zai yi ita ce: wace shekara? "Zamanin dā" ba shekara ba ce. Akwai Yaurin da hedkwatarta ke Bin Yauri cikin ganuwa. Akwai ta 1806, lokacin da Baturen nan Mungo Park ya tsaya da jirginsa a zamanin Sarki Albishir ɗan A'i, kafin ya gangara Busa inda ya halaka. Akwai ta ƙarshen ƙarni na 19, da Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa bayan shekarun yaƙin cikin gida. Akwai kuma ta jajibirin 1968, kafin ruwan Kainji ya hau. Rigar da ta dace da ɗaya daga cikin waɗannan za ta iya zama ƙarya a jikin ɗan wasan da ke kwaikwayon wata.

Wanda ya zaɓi wajajen 1830 ya yi sa'a, don akwai shaidu. A wannan shekara ce 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri neman takardun Mungo Park, sarki ya tsare su sama da wata guda yana yi musu gobe-jibi. Zaman dole ya sa suka kalli gari da kyau. Sun rubuta cewa mutanen Yauri suna saƙa tufafinsu, suna ɗinka sirdi mai kyau, suna haɗa albarushi, kuma suna noman baba da taba da albasa da alkama da shinkafa mai yawa. Ga mai neman tufar wancan zamani, kalmomi biyu ne zinariya a nan: saƙa da baba. Ke nan zanen gida fari ko baƙin rini ba sai an je Kano ba.

A Busa kuwa, Sarki ya fito musu da wata riga ta jan yadi mai nauyi, an cika ta da adon zaren zinariya, wadda suka yi zaton daga jirgin Park ta fito. Wannan ya isa ya ja kunnen masu tsammanin duk abin da yake na asali dole ya zama na gida. Fadojin bakin Kwara sun san mulufi da alharini da karan-miski tun kafin zuwan mulkin Turawa. Su kansu 'yan'uwan nan da dubban allurai suka zo don su riƙa sayarwa suna cin abinci, sai suka tarar kasuwar allura ta faɗi, wasu ma aka dawo musu da su saboda ba su da kafa. Abin da ya cece su maɓallan ƙarfe ne da suka riƙa cirewa daga tufafinsu suna gogewa. Saboda haka allurar Ingila a hannun maɗinkin Yauri na 1830 ba kuskure ba ce. Keken ɗinki ne kuskure, domin sai 1851 Singer ya fito da nasa a Amurka, kuma ya daɗe bai iso nan ba.

Dalilin wannan yalwar kaya shi ne hanya. Yauri tana kan turbar fataken goro da ke tashi daga Kano su nufi Gwanja, kuma marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya fara bincikensa a Jami'ar Ahmadu Bello kan tarihin Yauri a ƙarni na 19, ya nuna yadda wannan fatauci ya baza Hausawa da kayansu a Afirka ta Yamma. A cikin kayan da jakuna ke ɗauka zuwa Gwanja tufafi na kan gaba. Heinrich Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufar da Kano ke aikawa Tambutu kaɗai ta kai kayan raƙumi 300 a shekara. Daga kudu kuma ga rigunan Nufe suna hawowa ta ruwa. Bafaden Yauri na wancan lokaci yana iya sa saƙi ko kore ko tsamiya, ya naɗa ɗan Kura, ba wanda zai yi mamaki.

Sanin sunan riga abu ɗaya ne, sake yin ta kuma wani abu ne daban, kuma nan ne wahalar take.

Aikin yana farawa daga hannun mata. A gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta, a kaɗa da mazari: zare siriri mai ƙarfi na tsaye, abawa mai kauri ta kwance. Zaren mazari ba ya tafiya daidai, nan kauri can siriri, kuma wannan rashin daidaito shi ke ba wa tsohuwar tufa jikinta, yadda haske ke sauka a kanta ba kamar na yadin kanti ba. Masaƙan da suka rage a yau yawancinsu zaren inji suke amfani da shi, don ya fi araha kuma ba ya tsinkewa, abin da ya yaɗu tun bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Mai son riga ta haƙiƙa sai ya fara neman tsofaffin da har yanzu suke kaɗi, ya biya su abin da zai sa su zauna. Zaren babbar riga ɗaya aikin makonni ne masu yawa.

Daga nan sai masaƙi. Masaƙar maza ƙyalle siriri take fitarwa, faɗinsa kamar yatsu huɗu, na turkuɗin Kura ma bai kai faɗin yatsu biyu ba. Waɗannan ƙyallaye ake jerawa a haɗa gefe da gefe da allura har su zama riga. Wanda ya san abin, daga nesa zai gane: in babu layukan haɗi a jikin riga, yadi ne aka yanka. Saƙi kuwa, wanda ake kamanta shi da gashin zabo, a kan masaƙa ake haifar da shi, ta hanyar cuɗanya zaren da aka rina da fari. Atamfar da aka buga wa ɗigo-ɗigo ba ta zama saƙi.

Rini ma haka. Baba na gaskiya ganye ne da ake dakawa a shanya, a zuba a karofi da ruwan toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsawa, sannan a yi ta tsoma tufa ana fitarwa tana shan iska har ta yi duhun da ake so. In kore ake nufi, sai a kai mabuga a shafa shuni a yi ta duka da ƙatuwar tabarya har ta ɗauki ƙyalli. Baban kanti na Jamus sai 1897 ya shiga kasuwar duniya, launukan sinadari masu ƙarfin nan kuwa daga 1856 aka fara ƙirƙiro su a Ingila. Don haka ruwan hoda mai kashe ido ko kore shar irin na leda ba su da gurbi a jikin mutumin 1830. Marinar Ƙofar Mata a Kano da marinan Kura suna nan, amma mai oda sai ya faɗa ƙarara cewa baban ganye yake so, in ba haka ba abin da ya fi sauri za a yi masa.

Aikin wuya da na aljihu, irin aska biyu da aska takwas, malamai da almajirai ne suka saba zanawa su ɗinka, da zaren tsamiya, wato alharinin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, ko da jan alharinin da ke ratso Sahara. Riga ɗaya takan ci watanni. Masanin nan David Heathcote ya yi shekaru a Zariya yana tattara zane-zanen wannan ɗinki, Colleen Kriger kuma ta bi rigunan Daular Usmaniyya da ke ajiye a gidajen tarihin Turai tana auna su ƙyalle-ƙyalle. Gidan Makama a Kano da gidan tarihin Kanta a Argungu su ma wuraren leƙawa ne. Abin koyi bai yi ƙaranci ba, kuɗi da haƙuri ne ke ƙaranci.

A Amurka masu kwaikwayon yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 sun kai wannan ƙa'ida inda har ta zama abin dariya: akwai masu ƙirga ɗinkin da ke cikin kowane inci, masu ƙin jerawa da wanda aka yi wa kafar maɓallinsa da keke. Ba sai Yauri ta kai can ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun raba tsakanin mai kallo da ɗan wasa. Mai kallo ya sa abin da ya ga dama. Wanda ya shiga fage da sunan wata shekara, shi ake tambaya ina ya samo hujjar abin da ke jikinsa.

Duk wannan bayani na fada ne, alhali Rigata ta mutanen ruwa ce. Kuskuren da ya fi sauƙin faɗawa shi ne a ɗauki kayan bafade a jibga wa Bagunge don kawai sun fi kyan hoto. Babbar rigar saƙa in ta jiƙe nauyinta ya isa ya ja mutum ƙasa, kuma wanda zai ɗaga mashi a gaban dorina yana bukatar hannuwansa. Mutumin ruwa da na gona warki ko bante ya sani, da laya da guru da kambu, wataƙila da 'yar taguwa in ya fito tudu. Matafiyan da suka ratsa ƙasar Kambari a shekarun 1820 da 1830 sun ce fata a ƙugu ita ce yawancin suturar mazansu. Irin waɗannan kaya ba a adana su. Rigar sarki takan kwana a adaka har jikoki, warkin talaka kuwa sai ya ƙare a jikinsa.

Sannan ruwa ya zo ya ƙara binne sauran. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane kimanin 44,000, tsibirai da ƙauyukan bakin kogi suka nutse, har da tsohuwar Busa. Wanda aka ce ya kwashe iyalinsa da hatsinsa ba zai tsaya ɗaukar tsohuwar fata ba. Abin da ya rage a rubuce shi ne irin bayanan da jami'in mulkin mallaka P. G. Harris ya buga kan Yauri a 1930, da binciken Frank Salamone kan Gungawa a shekarun 1970, kuma ko su idon baƙo ne. Haka nan bai kamata a yi wa kowa kuɗin goro ba: Gungawa da Kambarin Ngaski da Shangawa da Lopawa da Sarkawa kowa da harshensa da adonsa. Kambari, alal misali, matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, abin da ba a saya a wurin tela amma yana cikin kamanni.

Akwai kuma maganar kunya, wadda ba a kauce mata. Jikokin mutanen nan yau yawancinsu Musulmi ne da Kirista, kuma ba uban da zai yarda 'yarsa ta fito gaban jama'a da suturar 1830 tsantsa. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce a rufe jiki yadda zamani ya yarda, da zanen saƙa na gida rinin baba, mai sanarwa kuma ya faɗa wa jama'a a lasifika cewa nan an ƙara. Mai kallo yana yafe abin da aka gaya masa. Haka rigar hana nutsewa: kakanni ba su san ta ba, amma duk wanda ya tuna jirgin da ya kife a kusa da Wara a watan Mayun 2021 da rayukan da suka salwanta ba zai ce a cire ta don hoto ba. Tela mai basira zai iya lulluɓe ta da saƙa.

Wanda yake ɗan shekara 15 lokacin tashin 1968 yanzu ya haura saba'in. Irinsu suna nan a Yelwa da Wara da sababbin ƙauyukan bakin tafki, kuma sun ga kakanninsu da idonsu. Su ne za su iya cewa fatar akuya ce ko ta gada, da me ake jeme ta, a wane gefe ake ɗaure ta, kuma wa ke saƙa zanen da amarya ke ɗaurawa ranar da za a tsallaka da ita gidan miji.