Daga Runjin Sambo zuwa tafkin dutsen aman wuta: me ya sa tafiyar ta gagari iyali?

Duk lokacin da hunturu ya shigo, makarantu suka ba da hutun ƙarshen shekara, magidanci a Runjin Sambo kan fuskanci tambayar da ba ta da amsa mai gamsarwa: ina za a kai yara? Garin ya yi sanyi, ranar da ke zarce digiri 40 a watan Afrilu ta sassauta, ƙafa na marmarin tafiya. A wayoyin yaran kuwa hotuna ne ke yawo na iyalai a wasu ƙasashe, uwa da uba da ƙananan 'ya'yansu, suna tattaki a gefen wani tafki shuɗi da ya kwanta a ƙoƙon dutse. Nijeriya na da irin waɗannan tafkuna. Abin da ya kamata a fahimta shi ne dalilin da ya sa isa gare su ya zama kasada, da kuma wanda alhakin gyara yake wuyansa.

Da farko dai, ƙasar Sakkwato ba ta aman wuta ba ce. Tsohuwar shimfiɗar teku ce. Miliyoyin shekaru da suka wuce ruwan teku ya rufe wannan yanki, ya bar farin dutsen da kamfanin siminti ke haƙa a Kalambaina, ya kuma bar ƙasusuwan halittun ruwa a tuddan Dange da Wurno. Akwai wani ƙaton dabbar teku da ta ɓace daga doron ƙasa wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Saboda haka tuddanmu masu shafaffen kai ne, Tafkin Kware kuma ruwan maɓuɓɓuga ne. Mai neman tafkin da wuta ta haƙa, sai ya nausa gabas.

Mafi kusa shi ne Pidong, daura da Ampang ta Yamma a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, cikin jerin mutattun duwatsun aman wuta na yankin Kerang, inda ake ɗura ruwan kwalba na Swan. Na biyu shi ne Tila, a tudun Biu da ke kudancin Borno, wanda mutanen wurin suka daɗe suna girmama kadojinsa. Yadda irinsu ke samuwa ba shi da wuyar ganewa. Narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, ya ci karo da ruwan da ke kwance a ƙarƙashi, ruwan ya rikiɗe tururi nan take, ya fashe, ya bar rami zagayayye mai gaɓa kewaye da shi. Da wutar ta mutu, ruwan sama da na ƙasa suka cika ramin. Tokar da ta zuba a kewaye ta ruɓe ta zama ƙasa mai albarka, shi ya sa dankalin Turawa ke yin kyau a Mangu.

Irin waɗannan tafkuna suna bukatar idon masana. Ranar 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos na Kamaru ya saki iskar da ta taru a ƙasansa, ta gangara ƙauyuka cikin dare, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi. Nyos mai zurfi ne ƙwarai, kuma ba kowane tafki ke tara iska irin tasa ba, amma darasin a fili yake: wurin da za a gayyato yara sai an auna shi, an kuma ci gaba da aunawa.

Abin lura shi ne, babu ko ɗaya daga cikin Pidong da Tila da ke cikin gandun daji na tarayya.

Don a ga bambancin da hakan ke haifarwa, a dubi Crater Lake a jihar Oregon ta Amurka. Dutsen Mazama ya yi aman wuta kimanin shekara 7,700 da suka wuce, kansa ya rufta, ramin ya cika da ruwan sama da na ƙanƙara har zurfin mita 594, babu kogin da ke shiga, babu mai fita. An ayyana shi gandun ƙasa a 1902. Wurin da kansa mai haɗari ne, gaɓarsa a miƙe take kamar bango. Abin da ya mai da shi wurin iyali aikin hukuma ne: titi mai tsawon kilomita 53 da ya zagaye bakin ramin, gajerun turaku da aka rubuta tsawonsu da tsananin hawansu a allo, shinge a inda ƙafa ke iya zamewa, makewayi, ruwan sha, da jami'an da ke koya wa yara sunayen itatuwa da tsuntsaye. Turba guda tak aka yarda a bi zuwa bakin ruwa. Tun 2015 kuma gwamnatin ƙasar ke bai wa 'yan aji huɗu na firamare takardar shiga gandayen tarayya kyauta tare da iyalansu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Kowanne yana da layinsa a kasafin kuɗi.

A nan gida, sai a ƙara da wurin alwala da salla, da inuwar da mai goyo za ta zauna ta shayar cikin sutura. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke yanke hukuncin ko uwargida za ta yarda ta zo, in kuwa ba ta zo ba, tafiyar ta tashi daga ta iyali ta koma yawon samari.

To, wa ke da ikon ayyana gandu? Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa gandayen ƙasa cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, amma ya gindaya sharaɗi: sai da amincewar gwamnatin jihar da wurin yake. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Ma'ana, Abuja ba ta iya ƙwace daji, jiha kuma ba ta iya tilasta wa Abuja ta karɓa. Yankari misali ne na yadda igiyar ke jawuwa ta kowane ɓangare: ya zama gandun tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006.

Gandaye bakwai Hukumar Kula da Gandayen Ƙasa ta daɗe tana riƙe da su: Tafkin Kainji, Kamuku, Tafkin Chadi, Gashaka-Gumti, Tsohuwar Oyo, Okomu da Kuros Riba. A ƙarshen 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, fadamun Haɗeja a Jigawa, da Pandam a Filato. Sakkwato, Kebbi da Zamfara ba su samu ko ɗaya ba. Wannan batu bai taɓa zama abin muhawara a dandalin yaƙin neman zaɓe ba, kuma abin mamaki ne a jihar da hamada ke matsowa ta arewacinta.

Ko da an ayyana, takarda ba ta tsare daji. Kamuku yana Birnin Gwari, sunan da ya isa bayani ga duk mai sauraren labarai. An sha ba da rahoton 'yan bindiga sun yi sansani a dajin Kainji, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Dajin da babu jami'ai isassu, babu baƙi, babu kuɗin shiga, wani ne zai cike gurbin, kuma mun ga wanda ya cike. Hanyar Pidong ita ma ba ta tsira ba: tafiyar fiye da kilomita 600 ce ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa da Zariya, sannan Mangu kanta ta sha rikicin da ya ci rayuka da yawa a 2023. Ba a zargin uban da ya lissafa wannan ya ce a zauna gida.

Gashaka-Gumti ya nuna cewa lamarin bai fi ƙarfin gyara ba. Shi ne gandu mafi girma a ƙasar, can ne kuma Chappal Waddi yake, ƙololuwar Nijeriya mai tsayin mita 2,419. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandaye, aka ɗauki masu gadin daji daga ƙauyukan da ke kewaye, aka horar da su, aka ba su kayan aiki. Hawan Chappal Waddi dai tafiyar kwanaki ce ta majiya ƙarfi, kuma Taraba ta yi wa Basakkwace nisa. Abin ɗauka shi ne tsarin: mutanen gari su ci moriyar dajin, su zama masu gadinsa.

Akwai masu cewa tattaki don nishaɗi al'adar Turawa ce. Jama'ar da kakanninta suka tashi daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da mata da yara da tsofaffi, ba ta bukatar a koya mata tafiyar ƙasa. Wuraren da za a taka ma suna nan kusa. Wurno na zaune a kan tudu yana kallon fadamar Rima, kuma can ne makwancin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kufan Surame, birnin Kanta mai ganuwar dutse a ƙaramar hukumar Binji, yana cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1964, yana kuma cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Turba ta kilomita biyu a gefen Tafkin Kware, ko a tuddan da yaro zai tsinci ƙwanson teku da hannunsa a tsakiyar Sahel, ba ta bukatar izinin Majalisar Tarayya. Tana bukatar fili da gwamna zai keɓe, da kuɗin da majalisar jiha za ta sa a kasafi, da jami'an tsaron da za su kwana a wurin.

A kowace shekara gwamna kan gabatar da kasafin baɗi gaban majalisar dokokin jiha, kwamitoci su zauna da ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya. Mai sha'awar sanin matsayin wannan batu sai ya buɗe shafin muhalli da na yawon buɗe ido, ya duba nawa aka ware, sannan ya nemi rahoton aiwatar da kasafin bara ya ga nawa aka saki.