Me Ya Sa Ake Toshe Tsagar Taga Kafin A Shafa Fenti?

Katako ba ya zama wuri ɗaya: da damina yakan sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Shi ya sa tsaga ke buɗewa inda firam ɗin taga ya haɗu da bango, musamman ƙasan tagar, inda ruwa ke kwanciya. Masu cewa fenti mai kauri ya isa ya rufe ta suna yaudarar kansu ne, domin fatar fenti siririya ce, katakon na motsawa za ta dare, ruwa ya shige ya ruɓar da shi daga ciki, gara kuma ta samu hanya.

Wani zai ce to a cusa siminti a huta. Siminti ba ya miƙewa, don haka yakan rabu da katakon. Silikon zalla yana hana ruwa, gaskiya ne, amma fenti ba ya kama shi. Abin da ya dace shi ne abin toshi na akirilik, mai laushi kuma mai karɓar fenti. Sai dai a fara kankare ruɓaɓɓen wurin, a goge da sanfefa, a bar katakon ya bushe sarai, don toshe jiƙaƙƙen katako kulle ruwa ne a ciki.