Dara, Malfa da Hular Fedora

Da Goodluck Jonathan ya hau kujerar shugabancin Najeriya a 2010, mutanen Arewa ba su sha wahalar nema wa hular da ke kansa suna ba. Ga ƙoƙon kai, ga baki ya kewaye shi, sai suka ce malfa ce, shi kuma ya zama Mai Malfa. Ta fuskar siffa sun yi daidai. Amma da za a rufe wa tsohon ɗan kasuwar hula ido, a miƙa masa irinta ya shafa da yatsu, dara zai ce. Hular da Turawa ke kira fedora ta haɗa biyun ne: inuwarta ta malfa, jikinta na dara. Dukansu kuwa tsofaffin 'yan gida ne a ƙasar Haɗejiya.

Malfa ita ce 'yar ƙasa. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, inda kogin Haɗejiya ke bazuwa ya zama fadamu da tafkuna, goruba na cikin itatuwan da suka fi cika ido. Wannan dausayi ya shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2008, saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara su yi hunturu a can. Ga mutanen wurin kuwa, goruba dukiya ce tun kafin a san da wata yarjejeniya. Daga kabarta ake samun tabarma da igiya da faifai, ake kuma samun malfa. A yanko kaba, a shanya, a tsaga ta sili-sili, a fara saƙa daga tsakiyar kai ana kewayawa har baki ya yi faɗin da zai rufe kafaɗa. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi kowa da tasa, domin ranar watan Afrilu a nan takan wuce digiri 40. Ta talaka ba a ajiye ta. In ta zube a sayi wata. Wadda ake ajiya ita ce ta masu sarauta, wadda baduku ya yi wa ado da jar fata da kore, wani lokaci har da gashin jimina, ake ɗora ta bisa rawani ranar hawan salla.

Dara kuwa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama dangi. Ta hanyar Sahara ta fara shigowa. A birnin Tunis akwai kasuwa guda ta masu yin jar hula tun ƙarshen ƙarni na 17, kuma aikinsu na da ban mamaki: mata su saƙa wata ƙatuwar hula ta farin ulu, sakwa-sakwa, wadda ta fi kan kowane mutum girma, a kai ta bakin kogin Majarda a yi ta dukanta cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, zaren ya ɓace, a taje ta da busasshen kan wata ƙaya, a rina ta ja, a ɗora ta a kan ma'auni ta bushe. Fatake suka riƙa ɗauko ta zuwa Borno da Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya lissafa jajayen huluna cikin kayan Larabawa da ake kawowa kasuwar birnin, tare da alkyabba da kaftani. Haɗejiya kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno.

Daga baya dara ta yi wata shigowar da ba ta da daɗin tunawa. Jar dara na cikin kayan faretin rundunar sojan da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, rundunar da ta auka wa Haɗejiya a watan Afrilun 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya faɗi yana kare garinsa, har ake kiransa Mai Shahada. Duk da haka hular ba ta zama ta Bature ba a idon mutane. Ta zauna ƙarƙashin rawunan malamai da hakimai, ta zama alamar Malam Aminu Kano da talakawansa, ta sake cika tituna a zamanin Kwankwasiyya.

To, me ya haɗa ta da fedora? Abin da aka yi su da shi.

Gashin dabba, in aka duba shi da madubin ƙara girma, ba sumul yake ba. Yana da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi. In aka tara gashi da yawa, aka ba shi zafi da danshi, aka yi ta murza shi, sai ɓawon nan ya riƙa sarƙewa da na ɗan'uwansa, ya shige ba ya komowa. A ƙarshe a sami wani yadi mai kauri wanda babu zaren tsaye babu na kwance, ko an yanka shi ba ya warwarewa. Shi ne Turawa ke ce wa felt. Mai araha da ulun tumaki ake yin sa. Mai daraja da lallausan gashin ƙasa na zomo. Mafi tsada kuma da na wata dabbar ruwa da ake kira biba, wadda farautarta don hula ta kusa ƙarar da ita a Turai, ta kuma ja 'yan kasuwar Faransa da Ingila zuwa dazuzzukan Kanada. A masana'anta ana hura gashin ne ya manne a jikin wani ƙaton mazubi mai huda-huda, a yayyafa masa ruwan zafi, a yi ta tsuke shi har ya dawo daidai kai. In an bar masa baki ya zama fedora. In an datse bakin, ga dara.

Wannan sana'a ta ci mutane. Shekaru da dama da gishirin zaiba ake jiƙa fatar zomo don gashin ya yi saurin kamawa, ma'aikata kuma suna shaƙar tururinsa. Hannu ya kama rawa, haƙora su zube, hankali ya taɓu. A garin Danbury na Amurka, cibiyar masu hula, har sunan garin aka laƙaba wa karkarwar. Sai a 1941 aka daina amfani da zaiba a masana'antun hular Amurka.

Sunan fedora daga wasan kwaikwayo ya fito. A 1882 marubucin Faransa Victorien Sardou ya rubuta wasa mai suna Fédora, Sarah Bernhardt ta fito a matsayin gimbiyar da ke da sunan, hula mai laushi mai kari a tsakiya ta gaji sunan. Mata da maza suka karɓe ta. Daga shekarun 1920 zuwa na 1950 ta zama ruwan dare a kawunan maza a titunan Landan da New York. Kamfanonin da suka yi suna su ne Borsalino, wanda aka kafa a Alessandria ta Italiya a 1857, da Stetson na Philadelphia tun 1865, da Hückel na garin Novy Jicin a ƙasar Cek tun 1799. Wannan na ƙarshen ya kamata mai karatu ya riƙe. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe shi, sunansa ya koma Tonak. A 2001 ya haɗe da sashen hula na masana'antar Strakonice, garin da ya shafe ƙarni na 19 yana yi wa daular Usmaniyya jar hula, har Ataturk ya haramta ta a Turkiyya a 1925, dole aka ƙara karkata ga kasuwannin Afirka. Duk wanda ya taɓa juya sabuwar dara a kasuwar Kwari ta Kano ya san sunan Tonak. Ke nan gidan da masu tara tsofaffin fedora a Turai ke neman hatiminsa, shi ne ke yi wa Alhaji hular zuwa masallacin Juma'a.

Masu wannan tari ba waje suke fara dubawa ba, ciki suke leƙawa. Zoben fatar da ke tare gumi yakan ɗauki sunan kamfani da na kantin da ya sayar. Shafin alharini yana da hatimi, kuma hatimin na sauyawa daga zamani zuwa zamani. A ƙarƙashin fatar akan sami 'yar takarda mai lambar girma da ta aiki. Da waɗannan ake gane shekarun hula. Sannan a shafa jikin: tsohon aiki yakan fi na yanzu laushi da cika, a lanƙwasa shi ya dawo. Akwai wani salon baki da John Cavanagh ya yi wa rajista a 1913, inda ake naɗe gefen tun gashin na ɗanye ya haɗe da kansa ba tare da ɗinki ba. Wahalarsa ta sa aka bar shi, shi ya sa masu tari ke rububin duk hular da ke da shi.

Gyaran ma daga halin gashin yake tasowa. Abin da zafi da danshi suka gina, su ne ke gyara shi, su ne kuma ke ɓata shi. Mai gyara yakan fara da burushi mai laushi, yana bin kwanciyar gashi ta gefe guda. Sai ya tara hular a bakin butar da ke tafasa. A cikin jikin akwai wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, wanda aka sa mata tun a masana'anta don ta tsaya. Tururi na narkar da shi, hula ta yi laushi kamar ƙullu, a ɗora ta a gungumen katako mai siffar kai, a gyara karin da yatsu, ta huce ta riƙe. Tabon mai, a barbaɗa masa garin sitaci ya kwana ya tsotse. Fatar ciki in ta bushe ta tsage, a farke ta a ɗinka sabuwa, amma mai sanin darajar abu yakan ajiye tsohuwar saboda rubutun da ke jikinta. Abin da ba ya gyaruwa sosai shi ne cin asu.

A nan ne aikin ya haɗu da na mai wankin hula na bakin kasuwar Haɗejiya. Shi ma da gumakansa na katako a jere cikin rana, kowanne sanye da zanna ko damanga, ga baho, ga burushi, ga sitaci. Hular zare tana son ruwa da sabulu da dirza. Dara ba ta so. In aka tsoma ta a ruwan zafi aka cuɗa, an ci gaba da aikin masana'anta ne: ta ƙara tsukewa, jan ya zuba, ta koma ta yaro. Shi ya sa gwani, in saurayi ya kawo masa darar mahaifinsa cikin sauran huluna, yakan zare ta gefe.

"Wannan ta Baba ce ko?"

"Tasa ce, Malam. A wanke ta da kyau."

"A'a, samari, wannan ba ta shan ruwa. Bar ni da ita."

Sai ya kakkaɓe ta, ya bi gefen goshi da ɗanyen ƙyalle inda gumi ya yi farin gishiri, ya tara ta a tururi, ya sa a gungumen da ya yi daidai da ita, ya ajiye a inuwa.

Babban abokin gabar dara a wannan yanki shi ne damina. Daga Yuli zuwa Satumba iska na cike da laima, bangon ƙasa na tsatsafo, a shekarun ambaliya irin 2022 kuwa ruwa har ɗaka yake shiga. Hular da aka jefa ƙasan adaka da guminta takan fito da fumfuna, asu kuma ya yi mata ƙofofi, domin gashi da gumi su ne abincinsa. Kariyar ba ta da tsada: a goge ta kafin a ajiye, a cusa mata takarda don kada ta lotsa, a sa kafur ko busasshen ganyen darbejiya kusa da ita, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a fito da ita ta sha iska in hunturu ya kama. Kada a ƙulle ta cikin leda.

Abin takaici ne yadda ake raba gado a ƙirga riguna da alkyabba, a bar wa yara tsofaffin daru su yi wasa. Kafin a yar da ɗaya, ya dace a juya ta a karanta cikinta. In hatimin ya ce an yi ta a Cekoslobakiya, to ta girmi ranar 1 ga Janairun 1993, ranar da ƙasar ta rabu biyu. In kuma aka ɗaga ta a hasken rana aka hango alamar saƙa a ƙarƙashin gashin, to irin aikin Tunis ce ko na Strakonice, wanda aka saƙa kafin a tsuke.