Ko Kun Sani? Daga Ina Sautin Zuciya Yake Fitowa?

Sautuka biyun da likita yake ji a ƙirjinku, rufewar ƙofofin zuciya ce take haddasa su. Zuciya tana da ƙofofi 4 masu hana jini komawa baya. Idan ɗakunanta na ƙasa suka matse, ƙofofi biyun da ke tsakaninsu da na sama sai su rufe: sautin farko ke nan, mai kauri da ɗan tsawo. Na biyu gajere ne, daga ƙofofin manyan jijiyoyin da ke kai jini huhu da sauran jiki. Abin sha'awa, in an ja numfashi yakan rabu biyu, domin ƙofar jijiyar huhu tana ɗan jinkirin rufewa. Yara da masu juna biyu kan sami sauti na uku, alhali lafiyarsu ƙalau.